Amsa ga ƙanenmu da ke neman sayen gitar nan a Yamai

Ƙanena, na ga hotunan da ka saka. Gangar jikin irin ta Telecaster ce, wuyan na Stratocaster (gitoci biyu na kamfanin Fender), ga kuma mikro (abin ɗaukar sautin tsirkiya) mai naɗi biyu, wato humbucker, kusa da wuya. Mai sayarwa ya ce wani gwani ne ya sassaƙa ta tun daga katako, kai kuma kana tambaya ko haɗe-haɗe ce. Ni dai na daɗe ina gyara gitoci wa masu wasan biki a nan Yamai, kuma a ganina haɗa ta aka yi.

Haɗawa ba aibu ba ne. Tun 1950 Fender ke ɗaure wuya da kusoshi huɗu don a iya kwance shi a sauya, kamfanin Gibson kuwa manne nasu suke yi da gam, kamar a Les Paul ta 1952. Shahararren makaɗin gita Eddie Van Halen da kansa ya ɗauki jiki irin na Stratocaster ya dasa masa humbucker na Gibson, ya girgiza duniya da ita. Mu ma nan, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya ƙera gitarsa ta farko. Abin da ba zan yarda ba shi ne ka biya kuɗin sassaƙa a kan kayan da aka tattaro.

Ka tafi da turnabis da abin awo. Dubi inda wuya ya shiga jiki. Gindin wuyan Stratocaster zagaye yake, ramin Telecaster kuwa mai kusurwa ne, saboda haka in ka ga 'yan ramuka biyu a kusurwoyin, haɗi ne. Wanda ya sassaƙa da hannunsa ba ya barin wannan giɓin. In ya yarda a kwance wuyan, sau da yawa za ka tarar da tsofaffin hujojin da aka toshe, ko hatimin wani kamfani daban.

Sai awo, kuma nan ne na fi damuwa. Daga kan wuya inda tsirkiya ke hawa zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a kan wuya, na Fender milimita 324 ne, na Gibson kusan 314. Daga ƙarfen nan zuwa jaki, wato inda tsirkiya ke hawa a kan gangar jiki, dole tsawon ya zama daidai da na farko, da ɗan ƙari kaɗan. In suka saɓa sosai, ko ka kwana kana saita ta, tana yin sama za ta yi ƙarya, mawaƙi ya riƙa hararar ka a gaban jama'a. Wannan ba ya gyaruwa sai an ciro jakin an sake masa wuri.

Humbucker ɗin kam alheri ne gare ka. Wurin biki da janareta, mikro mai naɗi ɗaya yana cika ampli da ƙugi, shi kuwa yana kashe mafi yawansa. Ka dai juya makunni ka ji ko ƙarfinsa bai danne na wajen jaki ba.

Ka kuma shafa gefen wuyan. Katakon da ya zo daga ƙasa mai laima yana ƙanƙancewa da hunturunmu, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu. Wannan ƙaramin aiki ne, goge shi ake yi. In awon ya yi daidai, ka saye ta a farashin haɗi, ka kawo mini na duba maka wayoyin ciki kafin ka fita da ita wasa.