Amsa ga Kawu kan kuɗin marasa aiki a Amurka

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka tambayi dalilin da ya sa kuɗin da muke aikowa gida ke raguwa duk lokacin da tattalin arziki ya karye, alhali kun ji cewa a Amurka gwamnati ce ke riƙe wanda ya rasa aiki. Maganar tana da tushe, sai dai yawancin mutanenmu ba sa cikin waɗanda ta shafa.

Inshorar rashin aiki ta samo asali daga wata doka ta 1935, kuma kowace jiha ke tafiyar da tata da harajin da masu ɗaukar ma'aikata suke biya. Sai wanda ya jima yana aikin albashi, aka sallame shi ba da laifinsa ba, yake samu, kuma abin da ake ba shi bai cika wuce rabin albashinsa ba, na mako 26 a yawancin jihohi.

Mu kuwa, da yawanmu tuƙin tasi ko Uber muke yi, wasu kitso, wasu tallar kaya a bakin titi, kuma galibi doka tana ɗaukar irin waɗannan a matsayin masu sana'ar kansu, waɗanda babu mai biya musu wannan haraji. A 2020, da annobar korona ta tsayar da komai, majalisa ta shigar da su na ɗan lokaci, ta kuma ƙara dala 600 a mako na wasu watanni, amma zuwa Satumban 2021 an rufe wannan ƙofa. Marasa takardun zama ko a lokacin ba su shiga ba, abin da har yau yake damuna, domin da yawansu su ne suka riƙa kai wa mutane abinci har gida.

Shi ya sa muka riƙe adashe da asusun ƙungiya da muhimmanci. Idan maigidan haya ya ba wani takardar tashi, mai riƙe da littafin adashe yakan zagaya bayan sallar Juma'a ya nemi yardar jama'a, a ba shi kwasar wannan watan ko da layinsa bai zo ba, wanda ya kamata ya kwasa kuma ya haƙura. Matsalar ita ce karayar tattalin arziki ba ta zaɓe, takan taɓa masu zubi da masu jiran kwasa a lokaci guda, sai asusun ya yi ƙasa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A irin wannan hali mutum yakan fara da kuɗin haya da zubinsa, sannan abin da ya rage ya turo gida.