Tambaya da Amsa: Daren da aka fasa sito na kwastam a Poole

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a wata sakandare a Zariya. Wani ɗalibina ya tsare ni da tambaya: a Turai, shekara ɗari biyu zuwa uku da suka wuce, ba waya ba mota, idan aka sace kayan da jirgin ruwa ya kawo, yaya ake ƙwato su? Kuma wa ke tilasta wa mutane biyan kuɗin fito? Na yi masa alkawarin nemo amsa.

Amsa: Malama, ki gaida mini yaron nan, tambayarsa ta manya ce. Gaskiyar magana, kayan da wuya su dawo. Abin da hukuma ta fi samu shi ne wuyan waɗanda suka ɗauka. Bari in ba ki labari ɗaya daga Ingila, ki kai masa.

A watan Satumba na 1747, wani jirgin sintiri mai suna Swift ya tare jirgin 'yan fasa-ƙwauri da ya taso daga tsibirin Guernsey. A cikinsa akwai ganyen shayi kusan tan biyu da ganga 39 na barasa. Aka kwashe kayan aka kulle a sito na kwastam da ke Poole, wani garin bakin teku a kudancin Ingila. Ka'idar lokacin ita ce kotu ta yanke cewa kayan sun zama na Sarki, a yi gwanjonsu, jami'in da ya kama ya sami kasonsa. Wannan kason shi ke sa ma'aikaci ya kwana cikin sanyi yana gadin gaɓar teku, don albashin bai taka kara ya karya ba.

To, masu kayan ba su ɗauki kansu ɓarayi ba. A wurinsu kuɗinsu suka sa suka saya, gwamnati ce ta yi musu fashi. Sai suka nemi taimakon gungun Hawkhurst, 'yan fasa-ƙwaurin da yankin Kent da Sussex ke jin tsoro. A farkon Oktoba, mutum wajen talatin bisa dawakai, da bindigogi, Thomas Kingsmill na gaba, suka shiga Poole da tsakar dare. Suka ɓalle ƙofar sito da gatari da ƙarafa, suka ɗora shayin a kan dawakai, suka bar barasar a nan. Ba wanda ya tare su. Da gari ya waye suka ratsa garin Fordingbridge, jama'a suka fito kallo kamar ana hawan salla.

Nan ne abin ya fara lalacewa. A cikin 'yan kallo akwai wani mai ɗinkin takalma, Daniel Chater, wanda ya taɓa yin aikin girbi tare da ɗaya daga cikin mahayan, John Diamond. Diamond ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya jefa masa ƙunshin shayi. Chater ya shiga ba maƙwabta labari, baki kuwa shi ke yanka wuya. Magana ta kai kunnen hukuma, aka nemi ya zo ya ba da shaida.

A watan Fabrairu na 1748 aka haɗa shi da wani dattijo ma'aikacin kwastam, William Galley, ya raka shi wurin alƙali. Su biyu rak, ba ko soja ɗaya. Suka yada zango a wani masauki a Rowlands Castle, mai masaukin ta aika aka kira 'yan fasa-ƙwauri. Aka ɗura musu giya, aka ɗaure su bisa doki ana tsula musu bulala cikin dare. Galley aka binne shi a rami, Chater kuwa aka jefa shi rijiya aka bi shi da duwatsu. Sauran abin da aka yi musu ba na faɗa wa yara ba ne.

Wannan kisan ne ya juya zukatan mutanen da da suke tafa wa gungun. A Janairun 1749 aka yi shari'a a Chichester, aka yanke wa mutum bakwai hukuncin kisa, ɗaya ya mutu a kurkuku kafin a kai shi ga igiya. Kingsmill aka rataye shi a Landan a watan Afrilu. Shayin fa? Tun washegarin fashin aka raba shi, ya bi tukwanen jama'a.

Kan batun tilasta biyan kuɗin fito, kayan aikin gwamnati ba su da yawa: jiragen sintiri, jami'ai masu zagaya gaɓa bisa doki, sai sojan doki idan abu ya fi ƙarfinsu. Dokar 1746 ta ce duk wanda aka buga sunansa a jaridar gwamnati bai miƙa kansa cikin kwana 40 ba, hukuncinsa kisa, wanda ya kama shi kuma yana da fam 500. Duk da haka harkar ba ta tsaya ba, kuma ni ban ga abin mamaki ba. Wanda ya taɓa zama a garin kan iyaka ya san yadda buhun shinkafa mai rahusa ke rufe bakin unguwa guda.

Satar kaya a tashar jirgi ma haka take. A kogin Thames da ya ratsa Landan, an ƙiyasta ana wawure kayan fam 500,000 a shekara, har 'yan kasuwa suka sa kuɗinsu aka kafa 'yan sandan ruwa a Wapping a 1798, masu tsayawa a kan jirgi ana sauke kaya suna laluben 'yan dako. A 1802 aka buɗe sabuwar tasha mai doguwar katanga.

Shi kuwa shayi, Firayim Minista William Pitt ne ya kashe kasuwarsa ta bayan fage. A 1784 ya sauke harajinsa daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5, ya cike giɓin da ƙarin harajin tagogin gidaje. Cikin ɗan lokaci shayin da ake saye ta halal ya ninka, 'yan fasa-ƙwauri suka koma kan taba da barasa.