Hukuncin shiga kantin Harrods na Landan domin kallo da sayayya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Zan kai iyalina Landan hutu a watan Disamba, kuma maiɗakina tana son mu shiga kantin Harrods don mu ga ƙawar gininsa. An ce mini akwai gumaka a cikinsa, ana kuma sayar da giya da naman alade. Shin ya halatta mu shiga, kuma mu yi sayayya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Shiga wannan kanti domin kallo ko sayen halal ya halatta, amma da sharuɗɗan da zan ambata, ɗan'uwa.

Harrods kasuwa ce, duk da girmanta. Charles Henry Harrod ya kafa ta a unguwar Knightsbridge a 1849 a matsayin shagon kayan masarufi, gobara ta cinye ta a 1883, aka sake gina ta, yau kuma tana da sassa fiye da 300. Hukuncin kasuwa kuwa sananne ne. Allah ya faɗa a Suratul Furƙan, aya ta 20, cewa manzanni suna cin abinci kuma suna tafiya a cikin kasuwanni, kuma Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir. Wannan ya nuna cewa ciniki da wanda ba Musulmi ba halal ne, ko da yana sayar da haram a wani ɓangare na dukiyarsa, matuƙar abin da ka saya shi kansa halal ne. Kasancewar kantin mallakin ƙasar Katar ne tun 2010 bai ƙara ko rage komai a hukuncin ba, domin giya ba ta halatta saboda mai kanti Musulmi ne.

Batun gumaka ya fi buƙatar bayani. Abin da ake nufi galibi shi ne adon tsohuwar Masar da aka yi wa matakalar lantarki a zamanin Mohamed Al-Fayed, wanda ya riƙe kantin daga 1985 zuwa 2010. Malamanmu na Malikiyya sun haramta ƙera siffar mai rai wadda take cikakkiya kuma tana da inuwa, har sun ɗauki samuwarta a wurin walima uzuri ne na ƙin amsa gayyata. Sai dai laifin ƙerawa da ajiyewa yana kan mai wurin. Wanda ya wuce ta gabansu don wata buƙata, a wurin da ba a bauta musu, da yawa daga cikin malamai ba su ɗora masa zunubi ba. Abin da nake rinjayarwa shi ne wucewa ta halatta, amma tsayawa a girmama su, ko ɗaukar hoto a jikinsu, ko sayen ƙananansu a matsayin tsaraba, wannan ku bar shi.

Game da sashen abinci, ku wuce wurin giya da alade ba tare da saye ba, ko da wani ne ya ba ku saƙo. Kada ku zauna a teburin da ake shan giya a kansa, saboda hadisin Tirmizi ya hana mai imani da Allah da ranar lahira yin haka. Nama kuma a tambayi yankansa. Ka tuna cewa zinariya da tsantsar alharini haramun ne ga namiji ya sa, halal ga mace, amma ci da sha a kwanon zinariya ko azurfa haramun ne ga ku biyun.

Abin da na fi ji muku tsoro bai zo a tambayarka ba, wato zuciya da aljihu. An tsara irin wannan wuri ne don mutum ya raina abin da yake da shi. Karanta Suratuz Zukhruf, aya ta 33 zuwa 35, inda Allah ya ambaci rufin azurfa da matakalai da ƙofofi da gadaje da adon zinariya, sannan ya ce duk wannan jin daɗin rayuwar duniya ne kawai. Son kyakkyawan abu ba laifi ba ne, ayar A'araf ta 32 ta tabbatar da haka, kuma mai wadata yana iya sayen mai tsada. Amma cin bashi mai ruwa da katin banki, ko taɓa kuɗin ciyar da iyali don a dawo da koriyar jaka mai sunan kantin a nuna wa mutane, almubazzaranci ne da alfahari, kuma haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa kasuwanni ne wuraren da Allah ya fi ƙi, don haka a runtse ido, a taƙaita zama.

A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna, mai yawo a cikin hasken lantarki kuma ba ya ganin rana. Ku duba jadawalin salla kafin ku shiga, ku san inda za ku yi ta. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye a garin, a mazhabar Malik hukuncin ƙasaru ya yanke, sai ku cika salla.

Wallahu a'alam.