Lissafin gutsuren inci a kan tef

Ka ce, "Maigida, ai 9/16 ya fi 5/8, tunda tara ya fi biyar. Kuma na haɗa filawud mai kaurin 3/4 da mai 3/8, lissafi ya ba ni 6/12." To yaro, 6/12 rabin inci ke nan. Ka taɓa ganin an ɗora katako a kan katako kauri ya ragu? Tun daga nan ya kamata ka san akwai kuskure.

Ɗauko tef ɗinka. Tsakanin inci da inci akwai gaɓa 16. Layi mafi tsawo a tsakiya shi ne rabi, gaɓa 8. Kwata gaɓa 4, sumuni, wato 1/8, gaɓa 2. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba incin, ta sama tana faɗin gida nawa ka ɗiba. Shi ya sa ba a tara lambobin ƙasa: girman yanka suke nunawa, ba yawansa ba.

In na ƙasa iri ɗaya ne, babu wahala. 3/8 da 2/8 sun zama 5/8, takwas tana nan inda take.

In sun bambanta, mayar da kowa gaɓa. 5/8 gaɓa 10 ne, 9/16 gaɓa 9, ka ga 5/8 ne babba da gaɓa guda. Haka 3/4 gaɓa 12, 3/8 gaɓa 6, jimla 18. Cire 16 ka sami inci ɗaya, saura 2. Kaurin ya zama inci 1 da 1/8. Saboda haka ƙusa mai inci 1 da kwata za ta leƙo ta baya, sai ka nemi mai inci ɗaya. Amma ka auna filawud ɗin da kanka, don wanda ake kira 3/4 a kasuwa sau da yawa milimita 18 ne, alhali 3/4 na gaske ya ɗan haura 19.

Sulusi ne ba ya zama a kan 16. In ka ci karo da 1/3 da 1/4, nemi lambar da uku da huɗu duka za su raba, wato 12: 1/3 ya zama 4/12, 1/4 ya zama 3/12, jimla 7/12. A ƙafa ma ya fi sauƙi, tunda inci 12 ce, amsar inci 7.

Inda yara suka fi ɓarnar katako shi ne cin zarto. Injin yanka yana cinye kusan 1/8 a kowane yanka. Faɗin filawud inci 48 ne. In ka yanka 16, ka sake yanka 16, na ukun zai fito 15 da 3/4, domin yanka biyu sun cinye 2/8, kwata guda. In kana son uku daidai wa daida, sa alama a 15 da 7/8, ka yanka ɗaya, ka sake aunawa daga sabon baki, na ukun zai fito 16 sai ka rage masa 1/8, kuma bakin zarto ya bi ta gefen da ba ka so, ba kan layin fensir ba.