Na gyara nan, can ya ɓalle: ta ina zan fara rubuta gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo. Na rubuta wa yayata manhaja da harshen kwamfuta na Python, tana lissafin kuɗin susu, wato zubin ajiya na kullum, da yayar take karɓa daga mata a kasuwar Kejetia. Duk sanda na gyara wani wuri sai wani ya lalace, kuma ba na sani sai ta kira ni tana faɗa. An ce in rubuta gwaji mai gudanar da kansa. Ta ina zan fara, kuma sai na gwada komai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba sai ka gwada komai ba. Fara daga inda kuɗi yake, don amanar mutane ce a hannun yayarka, kuma in lissafi ya karkace sunanta ne zai ɓaci a kasuwa.

Da farko ka ware lissafin a sashensa shi kaɗai. Kada ya taɓa rumbun bayanai, kada ya kira MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, kada ya duba agogon kwamfuta. A ba shi lambobi, ya mayar da amsa, shi ke nan. Yawancin manhajar da ke wuyar gwadawa, cakuɗa waɗannan abubuwa aka yi wuri guda.

Sai ka saka pytest, manhajar da ke gudanar da gwaje-gwajen Python, ka buɗe fayil mai suna test_susu.py. A al'ada mai karɓar susu na ɗaukar zubin kwana ɗaya a matsayin ladarsa. To mace ta zuba sidi 10 kullum har kwana 31, sidi 300 za ta karɓa. Rubuta wannan da assert, umarnin da ke kayar da gwaji in amsa ba ta yi daidai ba, ka samu gwajinka na farko. Amma ba nan ɓarna ke ɓuya ba, a gefe-gefe take. Wadda ta zuba kwana ɗaya kacal fa? Sifili za ta samu. Wadda ba ta zuba komai ba? Manhajar da ba a kula ba za ta ce ana bin ta sidi 10. Wadda ta fara da 10 ta koma 20 a tsakiyar wata, wane zubin ne lada? Wannan yayarka ce za ta yanke hukunci. Zauna da ita ka tambaya, duk amsar da ta bayar ta zama gwaji. Watan Fabrairu ma ya samu nasa, shi ya sa na ce a riƙa miƙa wa sashen kwanan wata daga waje.

Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Saboda haka riƙe kuɗi a pesewa, lamba cikakkiya, sidi ɗaya ya zama 100, ko ka yi amfani da Decimal, nau'in lambar Python da ke riƙe ɗigo daidai. Lambar waya kuma, wadda ta fara da 024 da wadda ta fara da +23324 na iya zama ta mutum ɗaya; gwada ka ga manhajar ba ta buɗe mata kati biyu ba.

Wajen MoMo, a yi amfani da unittest.mock, kayan aikin Python na kwaikwayo, a haɗa na bogi wanda zai amsa "an biya" ko "ya gaza" yadda ka umarce shi. Gwada gazawar sosai, har da saƙon biya ɗaya da ya iso sau biyu.

Ka tuna E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya a Ghana: ya fara da kashi 1.5 cikin ɗari a Mayun 2022, ya sauko kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Kowane sauyi sai da masu manhaja suka taɓa lissafi. Wanda ya riga ya rubuta gwaje-gwaje cikin daƙiƙoƙi yake ganin abin da ya motsa.

Abin da na fi so ka riƙe: kada ka yarda da gwajin da ba ka taɓa ganin ya faɗi ba. Lalata lissafin da gangan, mayar da alamar ragewa ta koma tarawa, ka ga ko gwajin zai yi ja, wato ya faɗi. In bai yi ba, ba ya gadin komai. Kent Beck, wanda suka ƙirƙiro manhajar gwaji ta JUnit tare da Erich Gamma a 1997, kan wannan ya gina tsarinsa: gwaji ya fara faɗuwa, sannan a rubuta abin da zai tsayar da shi.

Daga yau, in yayarka ta kira da ƙorafi, kada ka yi saurin gyara. Rubuta gwajin da ke fito da matsalar tukuna, sannan ka gyara, ka kunna pytest gaba ɗaya kafin ka tura mata sabuwar manhajar.