Daga ina "oke" ta samo asali?

Tambaya daga Gusau: Malam, mene ne asalin "oke" ɗin nan da ta cika bakin matasa? Wani ya ce mini daga wani yaren Afirka Turawa suka aro ta.

Amsa: Raha ce ta 'yan jarida ta haife ta. A ƙarshen shekarun 1830 marubutan birnin Boston na Amurka sun tsiri ɓata rubutun kalmomi da gangan, su kuma taƙaita su don ban dariya. Da haka "all correct", wato komai daidai, ta zama "oll korrect", ta fito a matsayin o.k. a jaridar Boston Morning Post ta 23 ga Maris, 1839. Da tuni an manta da ita, sai zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1840 ya raya ta. Shugaba Martin Van Buren mutumin garin Kinderhook ne, ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook, magoya bayansa suka kafa ƙungiyar O.K. Shi dai ya sha kaye, kalmar kuwa ta zagaye duniya. Farfesa Allen Walker Read ne ya bi diddigin wannan a 1963 da 1964. Maganar cewa daga yaren Wolof na Senegal ko yaren Choctaw na 'yan asalin Amurka ta fito an daɗe ana yi, amma hujjarta ba ta kai wannan ƙarfi ba.

Ni aron bai dame ni ba, ai mota da tebur ma aro ne. Abin haushin shi ne muna da "to", wadda ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Akwai "to" ta amincewa, akwai "too" mai ja ta mamaki, ga "to fa!" in lamari ya rikice, ga "to, madalla". Sai ka ga uba ya zauna ya rubuta wa ɗansa doguwar nasiha a WhatsApp, yaro ya mayar masa da "ok", wani ma "k" tsurarta. Haba! Tsakanin tsara babu laifi. Babba kuwa "to, Baba, na ji" ake ce masa.

Tambaya daga Maraɗi: "Asibiti" Larabci ce?

Amsa: A'a, "hospital" ce ta Ingilishi, bakin Bahaushe ya gyara ta.

Tambaya daga Kumasi: Me ake nufi da "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski"?

Amsa: In ka karɓi kuɗin aiki, sai ka yi shi, ko da ranka ba ya so.