An ɗaure ƙanena kan damfara ba tare da hujja ba, mu yi yaya?

Tambaya: Malam, kotun Maradi ta ɗaure ƙanena kan damfara. Ya karɓi kuɗin wake hannun wani ɗan kasuwa, kaya ba su iso ba. Shaida ɗaya ce, ita ma yaron mai ƙarar. Dattawa sun ce mu fara sulhu tukuna. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi.

Amsa: Allah ya kawo mafita, Hajiya. Kwana goma gare ku na ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka yanke hukuncin a gabansa. A je wurin magatakardan kotun da ta yi shari'ar a rubuta ɗaukaka ƙara, ko shi ya sanar da shugaban gidan kaso. Ku karɓi takardar shaida mai kwanan wata.

Wannan maganar ta "a fara sulhu" ita ke cinye mutane kullum. Zaman dattawa ba ya tsayar da kwanakin nan. Ko mai ƙara ya yafe, ko kun sayar da gona kun biya shi, hukuncin yana nan daram, don tuhumar ta hukuma ce. Haka masu rataye jaka a bakin kotu suna cewa sun san alƙali: su karɓi jikkunanku, su ce ku dawo jibi, jibi ta zama mako, ranar goma sha ɗaya wayarsu a kashe. Ku yi sulhun in kuna so, biyan yana iya sassauta hukunci, amma bayan an rubuta ɗaukaka ƙarar. Kuma kada ƙanenki ya sa hannu kan takardar sulhun da ta ce ya yaudari mutumin. A rubuta cewa bashi ne.

Kotun ɗaukaka ƙara tana sake duba lamarin tun daga tushe. Lauyansa ya matsa a nan: wace dabara aka ƙulla, sunan ƙarya ko takardar jabu? Ita ta sa aka miƙa kuɗin? Da niyyar cuta tun farko? In babu, ciniki ne ya lalace, shari'ar bashi ce. Ku tara rasit ɗin tura kuɗi, saƙonnin WhatsApp a cikin wayar kanta, da direban da aka yi jinga da shi.

In ƙanenki kaɗai ya ɗaukaka, ba a ƙara masa hukunci. In mai gabatar da ƙara na gwamnati ya bi sahu, ana iya ƙarawa. Fitowa kafin zaman kuwa sai an nemi sakin talala daban.